Jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan buhu

Assalamu alaikum. Nasihar yau tamu ce, mu da mutane ke sallama mana su ce, "Malam, ga 'yan kuɗina, ina zan sa su?" Ko a banki kake, ko kamfanin fansho, ko ofishin kanka a nan Gombe.

Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya ce, me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni.

A Tudun Hatsi mai saye yana iya zura hannu har ƙasan buhu. Mu kuwa hajarmu takarda ce da lissafi, hannun mai saye ba ya kai ƙasa sai mun zazzage masa da kanmu. Danshinmu shi ne la'adar da kamfani ke ba ka in ka kawo mutum, ka yi shiru a kanta. Shi ne ka yi ta zuba bayanin riba, in aka zo kan asara murya ta yi ƙasa.

Ko abin da yake halal yana da nasa danshin. Sukuk (takardar zuba jari marar kuɗin ruwa) ɗin farko na Gwamnatin Tarayya, na naira biliyan 100 a 2017, wa'adinsa shekara bakwai ne. Dattijon da ya karɓi garatutinsa, yana shirin aurar da 'ya bayan Sallah, in ka tura shi irin wannan ba ka gaya masa wa'adi ba, kalmar "halal" ba za ta wanke ka ba. Ka fara tambayarsa: Baba, yaushe za a buƙaci kuɗin? Akwai bashi? Akwai haƙƙin marayu a ciki?

Na san ana son kasuwa ta buɗe, kowa da iyali. To amma garin nan ƙarami ne, sahu ɗaya kuke sallah da mutanen da ka ba shawara. Waɗanda suka ja 'yan'uwansu cikin MMM, tsarin damfarar nan mai alkawarin riba mai yawa, kafin ta tsaya a Disambar 2016, kuɗi dai ana sake nema, amma wa zai ƙara tambayarsu shawara? Annabi ya ce wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi. Kafin ka ambaci sunan kamfani, duba ko yana da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan harkar zuba jari.

Sai sirri. Abin da Alhaji ya mallaka ba labarin majalisa ba ne, ko matarka ba ta da haƙƙin ji. Kuma duk abin da kuka ƙulla a rubuta shi, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, kan rubuta bashi take. Ka ba shi kwafi ya tafi da shi gida, ɗansa mai karatu ya sake karanta masa, in ya so gobe ya dawo ya sa hannu.