Ranar da cikina ya shiga waƙa

Wani mutumina ne ya kira ni wani situdiyo a Zoo Road ta Kano, wai uwar amarya ta ce ba ta son kiɗan fiyano zalla, sai an sa kalangu na gaske. Na tsaya a hanya na ci ɗanwake da yaji, na ƙarasa.

Ɗakin ɗaukar murya kun san shi: soso a bango, ba taga, fanka ma an kashe don makirufo na kama iskarta. Aka ɗora mini hedifon, wani abu na ta ƙwas-ƙwas a kunnena, wai shi zan bi. Ni da na saba kallon ƙafar masu rawa in san inda zan karya kiɗa. To na bi. Na matse tsarkiya a hammata, hannu ya zauna, har injiniya na ɗaga mini babban yatsa ta gilashi.

Akwai wata gaɓa da kowa zai yi tsit kafin 'yan amshi su shigo. A nan cikina ya yi magana. Ba gajeriya ba. Ya faro daga ƙasa, ya hau, ya yi 'yar lanƙwasa kamar mai tambaya, sannan ya sauka.

Na fito ina share gumi, na yi kamar ban san komai ba. Injiniya ya saurara, ya haɗe rai, ya ce akwai ƙara a waƙar. Aka ce janareta ne. Aka aiki yaro ya duba. Sai ya fara kashe layukan ɗaya bayan ɗaya: ya kashe fiyano, ƙarar na nan. Ya kashe mawaƙi, tana nan. Ya kashe amshi. Saura layi ɗaya a kwamfuta, da sunana a jiki. Ya buɗe shi ya cika allo, ga abin nan a zane, da tudunsa da gangarensa. Ya saka a manyan lasifikoki. Ya maimaita. Ya ƙara maimaitawa a hankali. Sannan ya juyo da ladabi ya ce, "Baba, wannan daga kalangun ne?"

'Yan amshi uku suka kifa kai a cinya, mayafansu na rawa.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Amma wancan mai riƙe wa mawaƙi waya, mai jar hular nan, shi ne ya ce, "Oga a sa masa eko mu ji." Kuma aka sa! Yaron da ba ya kiɗa, ba ya waƙa, ba ya amshi, aikinsa cin gyaɗa a kujerar baƙi. Bara a bikin Gwammaja ni na goyo shi a babur har gida da tsakar dare, ko sannu. Cajata ma tana wurinsa tun azumi, in na tambaya ya ce tana shago. Wane shago? Yanzu an ce ya tura abin wayarsa, da shi take ringin idan mawaƙi ya kira.

An yanke wurin dai. Waƙa ta fita, an sa ta a kamu, kalanguna can ƙarƙashin fiyano, sai ka kasa kunne sosai. Cikon kuɗina an ce sai uwar amarya ta dawo daga Umara.