Kuɗin tikiti ba albashin shugaba ba ne

A Zariya, da zarar ƙungiyar marubuta ko ta masu zane ko ta wasan kwaikwayo ta sa kuɗin shiga a wani taro, sai ka ji ana cewa: “Ba sun ce ba sa neman riba ba? Shugabanni ne ke cika aljihu.” Wannan fahimta ba daidai ba ce, kuma tana kashe gwiwar masu aikin sa-kai.

Ba a hana irin wannan ƙungiya samun kuɗi ba. Abin da aka hana shi ne raba kuɗin tsakanin mambobi. Ƙungiyar da ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAC) a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 tana iya sayar da tikiti da littattafai da zane, ta karɓi tallafi, amma dole duk abin da ya shigo ya koma kan manufar da aka kafa ta dominta. Ɗan kwamitin gudanarwa ba ya karɓar albashi. Amma ana iya mayar masa da abin da ya kashe, kamar kuɗin mota daga Samaru zuwa Tudun Wada.

Ku duba ranar taro. Hayar zaure, kujeru, lasifika, man janareta idan wuta ta ɗauke: wa zai biya? Sau da yawa shugaban ne ke cikasa giɓin daga aljihunsa, bayan ya tashi daga wurin aikinsa a gajiye.

Mai shakka yana da haƙƙin tambaya. Doka ta wajabta wa ƙungiyar miƙa rahoton shekara ga CAC, don haka mamba ya nemi ma'aji ya karanta lissafin a babban taro.