Ba kowane saitin gem ne ke wahalar da kwamfuta ba

Ƙorafin da ya fi yawa a bakin masu buga gem a kwamfuta shi ne wasa yana cijewa, ya tafi ya tsaya. Magani biyu kuma yawancinsu suka sani: ko su danna Ultra, matakin ƙoli na kyan hoto a saitin wasa, su zuba wa sarautar Allah ido, ko su fusata su mayar da komai Low, matakin ƙasa, hoto ya koma dushi-dushi. Duka biyun asara ce a ganina, domin saitukan nan nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba wuri ɗaya suke ci a jikin na'ura ba.

Wanda aka fi zalunta shi ne saitin tekscha, wato hotunan da ake lulluɓe kayan cikin wasa da su: tsagar bango, saƙar riga, tsatsar ƙarfe, tabon fuska. Wannan saiti ba lissafi mai yawa yake nema ba, wurin zama yake nema. Katin girafik, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hoto a allo, yana da ma'ajiyarsa ta kansa, VRAM, kuma muddin hotunan sun shige cikinta, ɗaga tekscha daga Medium zuwa High kusan kyauta ne, da wuya ya rage maka gudun wasa. Matsala tana farawa ne idan ma'ajiyar ta cika. Sai rarar ta koma RAM, babbar ma'ajiyar aiki ta kwamfuta, a dinga jigilarta ta PCIe, hanyar da ke haɗa katin da sauran na'ura, wadda ba ta ko kusa da saurin ma'ajiyar katin. Kamar ɗan tireda ne da kantarsa ta cika, duk mai sayen da ya zo sai ya ruga sito. Nan ne wasa ke cijewa daidai lokacin da ka juya ko ka shiga sabon wuri.

An ga haka ƙarara a watan Maris na 2023, da wasan The Last of Us Part I ya fito a kwamfuta. Masu katin 8GB sun sha wahala, sai da aka yi ta sakin gyare-gyare kafin abin ya daidaita. Har ta kai katin RTX 3070, mai ƙarfi amma ma'ajiyarsa 8GB, yana iya sarƙewa a saitin tekschar da ƙaninsa RTX 3060 mai 12GB ke ɗauka lafiya lau. A nan ba na ɗora wa 'yan wasa laifi duka. PlayStation 5 ta fito tun 2020 da ma'ajiya 16GB, manyan wasanni kuma da awonta ake gina su, amma a 2023 Nvidia, mai ƙera katunan RTX, ta saki RTX 4060 da 8GB, ƙasa da na RTX 3060 da ya gada. Wannan rowa ce, kuma mai saye ne ke biyan kuɗinta.

Masu cin ƙarfin kati na gaskiya daban suke: inuwa, hazo da hayaƙi, hoton da ke bayyana a ruwa da gilashi, sai uban gayya, bin sawun haske da ake kira ray tracing. Sauke inuwa daga Ultra zuwa High, ka yi wasa na minti goma, ka gaya mini ko idonka ya ga bambanci. Girman hoto ma haka: 1080p ɗigo 2,073,600 ne, 4K kuwa 8,294,400, ninki huɗu cur a kowane hoto. Mai ƙaramin kati ya kunna FSR na AMD, wanda ke aiki har a tsofaffin katuna irin GTX 1060, ko DLSS idan katinsa RTX ne; dukansu dabaru ne na zana hoto ƙarami sannan a faɗaɗa shi, don rage wa kati nauyi. Tacewar anisotropic kuma ka bar ta a 16x, nauyinta kaɗan ne, ita ce ke hana hanya da daɓe yin dishi daga nesa.

Mu nan akwai ƙarin dalili. Da yawanmu da laftof muke wasa, sau da yawa wadda wani ya riga ya mora, a ɗakin da zafinsa a watan Afrilu ba ya buƙatar bayani. Idan na'ura ta ɗau zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa wasan da ya fara sumul yake rikicewa bayan rabin sa'a. Ƙayyade gudun wasa a hoto 60 cikin daƙiƙa, ko ma 30 idan abin ya yi tsanani, yana rage zafi da cin wuta, ga wanda ke kan inbata ko janareta kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Talatin mai tafiya daidai ta fi hamsin mai tsalle-tsalle daɗi a hannu.

Kada ka yi canji da ka. Saka manhajar MSI Afterburner, kyauta ce, za ta nuna maka a kusurwar allo yawan VRAM da wasa ke riƙe da shi da zafin katin. Fara daga High, ka ɗaga tekscha har inda ma'ajiyarka za ta ɗauka da ɗan sarari, sannan ka bi inuwa da hazo ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa a wurin da ya fi cunkoso a wasan.