Ku ja da baya, ku yi shiru

Duk wanda ya tura bidiyon yarinyar nan ta Babbar Kasuwar Yamai har da ƴan fuskokin dariya a ƙasa, da shi nake. Wanda ya ɗauka kuwa, Allah ya shirye shi, don sauran kalmomin da nake da su a kansa Facebook ba zai bari su kwana ba. Mutum ya ga ɗiyar mutane durƙushe a ƙasa, ta toshe kunnuwa da hannu biyu tana kaɗa jiki gaba da baya, abin da ya fara zo masa shi ne ya lalubo waya. Madalla. Sai a nemo masa lambar yabo.

Kun kuma ga ƙwararrun da suka hallara? Kafin ƙiftawar ido layin ƴan atamfa ya cika da likitoci. Wannan ya ce aljanu ne, wancan ya ce farfaɗiya ce, wata Hajiya ta ce shagwaɓa ce kawai, a ba ta mari biyu ta dawo hayyacinta. Wani bawan Allah ya kafa baki a kunnenta yana karatu da iyakar muryarsa. Wani ya fasa mata ruwan leda a ka. Wata ta kawo turare ta danna mata a hanci. Uwar tana ta roƙo, "Don Allah ku ba ta wuri, otizim gare ta," babu mai saurare, kowa na son a ce shi ya warkar.

Yarinyar da hayaniya ta kayar, kuka zo mata da hayaniya. Wadda taɓi ya ishe ta, kuka rirriƙe ta. Wadda wari da ƙamshi suka hau mata kai, kuka ƙaro turare. Abin da take buƙata bai kai dala ɗaya ba: ku ja da baya, ku yi shiru.

Mafi yawanku kun san ni ma otizim gare ni, wato larurar da ke shafar yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar sauti da haske da taɓi da hulɗa da mutane, saboda haka ba labarin ƙanzon kurege nake ba ku ba. In ku kuka shiga kasuwa, ƙwaƙwalwarku tana da rariya, tana tace muryar mai tumatir da kuke ciniki da shi ta zubar da saura. Tawa rariyar a yage take. Hon ɗin kabu-kabu, gurup ɗin da aka tayar don an ɗauke kuran, mai baro yana ihun a ba shi hanya, lasifikar mai magani, wayar wani tana kiɗa, kukan jariri, cinikin da ake yi layi biyu can baya da Zabarmanci, duka suna shigo min lokaci ɗaya, kuma da ƙarfi ɗaya. Babu na gaba, babu na baya. A kan wannan a ɗora warin busasshen kifi da daddawa da hayaƙin mai da kwata, a ɗora ranar watan Afrilu da ke haura 40 a ma'auni, a ɗora hannun ɗan kasuwa da ya ja min hijabi yana cewa "Hajiya zo ki gani, ba sai kin saya ba." A cikin wannan halin ake son in tuna cewa ɗari biyun da ya ambata jika guda yake nufi, in taya, in yi murmushi, in tambayi lafiyar iyali, in ƙirga canji.

Abin ba ya zuwa farat ɗaya, taruwa yake yi. Ni nakan fara jin fatata tana ƙaiƙayi, sai kalmomin mutane su zama sauti kawai, ina ganin baki na motsi amma ma'ana ba ta isowa. Daga nan harshena ya ɗauke. Wasunmu fashewa suke yi da kuka da ihu, wasu kuma su ƙame kamar an zare su daga duniya. Dukansu abu ɗaya ne, jiki ya kai iyaka. Kaɗa jikin nan da ya ba ku dariya, shi ne hanyar da yarinyar take bi ta kwantar da kanta. Wanda ya danne mata hannu don ta daina, maganin ya ƙwace.

"A zamaninmu babu wannan." To, Baba, an ji. A zamaninku akwai yaron da ake ce wa miskili, akwai yarinyar da aka ce ƙiwa gare ta ba ta shiga mutane, akwai wanda aka rufe a ɗaki in baƙi sun zo. Suna kawai ba ku ba abin ba. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi tun 1943, kuma cikin yaran da ya duba akwai masu firgita da ƙarar abubuwa. A 2013 littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke amfani da shi wajen gane larurori ya sa wannan tsananin ji na sauti da haske da taɓi cikin alamomin otizim ƙarara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da shi. Ku ƙirga yaran layinku. Sannan Yamai ɗin zamaninku ita ce ta yau? An sake gina Babbar Kasuwa a 1987 bayan gobarar 1982, lokacin da mutanen garin nan ba su cika dubu 400 ba. Ƙidayar 2012 ta same mu mun haura miliyan ɗaya. Layukan kasuwa ba su ƙara faɗi ba, babura da wayoyi da lasifiku ne suka ƙaru.

"Ciwon ƴan boko ne." Haba. Ni a Tawa na tashi, kuma kasuwar Lahadi ta fara kayar da ni tun ban san baƙi ko ɗaya ba. Inna takan ce da matan unguwa, "Ku ƙyale ta, ita ba ta son taro." Ba ta taɓa jin sunan wani likitan Amurka ba, amma ta fi duk waɗancan na bidiyo ilimin abin.

"Yanzu addu'a ma laifi ce?" Wa ya ce? Ku yi mata, muna so. Amma Wanda kuke roƙo ba kurma ba ne. Taku biyar daga inda take, a cikin zuciya, addu'arku za ta isa. Ba sai kun huda mata dodon kunne ba. Ku ja da baya, ku yi shiru, ku yi addu'ar.

Sai masu cewa "ta saba mana, a riƙa kai ta kullum." Waɗannan ko amsa ba zan ba su ba. Ku je ku saba da ciwon haƙori tukuna.

Akwai kuma ƴan gayu da suka shigo min da shawarar wai mu riƙa zuwa manyan kantuna masu kilim. Na gode da tunani. Ko mun bar maganar kuɗi, can ma wani tarkon ne. Dogayen fitilun nan farare, irin na da, a kan kuran ɗinmu suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Ku ba kwa lura, wasunmu kuwa kai ke sara mana. Firij yana gurnani, injin biya yana tsuwa, waƙa na tashi daga rufi, ƙamshin sabulun wanki ya cika layi guda. A wasu ƙasashe an gane haka. Kantunan Morrisons na Ingila tun 2018 suke ware ƙarfe 9 zuwa 10 na safiyar Asabar, a rage haske, a kashe kiɗa, a rage tsuwar injin biya. Carrefour a Faransa ta bi sahu a 2021. Walmart a Amurka tun ƙarshen 2023 take yin haka kullum daga ƙarfe 8 zuwa 10 na safe. Kashe rediyo na awa ɗaya bai taɓa karya wani ɗan kasuwa ba. Kada wani ya ce min "nan ba Turai ba ne." Na sani, ina da taga. Ban ce a kashe kasuwar Katako ko ta Wadata don ni ba. Cewa na yi in wani ya faɗi, ku ja da baya, ku yi shiru.

Yanzu bari in bar masu dariya, in yi magana da iyaye da ƴan uwana da suka cika min akwatin saƙo tun jiya, don na san wasunku kuka suka yi da suka ga bidiyon, ba dariya ba. Kasuwa tana yiwuwa, sai dai ba a shigar ta da ka. Ni da sassafe nake zuwa, ana buɗe rumfuna, kafin rana ta ɗaga kuma kafin lasifiku su farka. Jajibirin Sallah da ranakun shiga azumi ba na ko leƙawa, ko kyauta ake rabawa. Ba na fita da yunwa ko ƙishi ko bayan daren da ban yi barci ba, don ranar ƙaramin abu ma yana iya kayar da ni. Nakan rubuta abin da zan saya a takarda, a jere yadda zan tarar da su a hanya, in san ƙofar da zan shiga da wadda zan fita. Kuɗin kowane kaya a ware yake, don kada in tsaya lissafi a tsakiyar hayaniya. Ƴan toshe-kunnen soso da ake samu a farmasi suna kunnena, hijabi ya rufe, babu mai gani balle ya yi tambaya. Ba sa kashe sauti duka, gara haka, don dole ka ji mota in tana zuwa. Baƙin gilashi yana rage rana. Abin da ya fi duka kuwa, da na ji fatata ta fara, nake juyawa, ko da rabin takardar ban saya ba. Albasa ba za ta ƙare a Nijar ba, muna da Galmi.

A jakata akwai ƴar takarda da Hausa da Faransanci: otizim gare ni, yanzu ba na iya magana, a kai ni inuwa, a kira wannan lambar. Ku yi wa yaranku irinta. In kuna tare da yaro kuka ga ya fara toshe kunne, kada ku ce "saura kaɗan mu gama." Babu sauran kaɗan, ku fita. Kada ku jera masa tambayoyi, kowace tambaya wani kaya ne a kansa. In kun koma gida ku bar shi a ɗaki mai duhu ya huta, ko da zai yini, kada a aiko shi gaida baƙi.

Akwai wani dattijo mai kayan miya da na daɗe ina saye a wurinsa. Ban taɓa yi masa bayanin komai ba. Shi da kansa ya lura, ya daina ja na da hira. In na zo sai ya ce, "Ɗiyata, kawo takardar," ya nuna min benci a bayan rumfa inda babu masu wucewa, ya haɗa komai, ya aiki yaronsa ya karɓo min abin da ba ya da shi, ya faɗi kuɗi sau ɗaya a hankali. Ranar da na zo harshe a ɗauke, rediyonsa kawai ya kashe ya ci gaba da auna barkono. Bai tara min jama'a ba. Allah ya saka masa da alheri, ya jiƙan mahaifansa. Yanzu ma wani lokaci ɗansa nake tura wa saƙo ta WhatsApp, in zo in tarar an ɗaure kaya. In kuna da irin wannan mutumin a kasuwa, ku riƙe shi da kyau, ko da nasa ya fi tsada da dala biyar.

A cikin bidiyon ma akwai mace ɗaya, can gefe, da ta ware gyalenta tana ƙoƙarin kare yarinyar daga idon mutane. Babu wanda ya yi maganarta a duk sharhin da na karanta. Inna, ko ke wace ce, ke kaɗai kika yi aikin hankali a wurin nan.

Ƙasar nan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008, shekarar da aka fara ranar otizim ta duniya, 2 ga Afrilu. Ranar za ta zagayo, a sa shuɗin kaya, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Wasu daga cikin masu dariyar yau har da su za a yi. Kafin nan, ku goge bidiyon daga wayoyinku da zaurukan WhatsApp ɗinku. Yarinyar nan za ta girma a garin nan, za ta shiga makaranta, wata rana a zo neman aurenta, ku kuma kun ajiye mata mafi munin rabin awarta a aljihun kowa. Ba na son jin "ai don faɗakarwa na tura." Faɗakarwa da fuskar dariya uku?

Af, tunda na ambaci lasifika, wai wane ne ya koya wa masu maganin basir da na sanyin mara naɗar murya su bar ta tana maimaita kanta tun safe har magariba? Shi mai maganin yana can ƙarƙashin bishiya yana shan shayi, ko ma ya tafi masallaci, injin yana nan yana zayyano cututtukan da ba a faɗa gaban surukai, ga yara na dawowa daga makaranta. Na unguwarmu batirinsa ya fara mutuwa, muryar ta koma ja a hankali, amma ya ƙi canzawa. Malam, in kana karanta wannan, ko wani ya karanta maka, duk layinmu mun haddace lambar wayarka. Wanda ke da basir zai kira.