Ranar da Na Ɓare Wa Baba Sitika

Tun da har yau wasunku ba su daina turo mini hoton sitika da sassafe ba, bari in faɗi abin da ya faru da bakina, kowa ya huta.

Ni mutumin Amiga ne, kun sani. Kwamfutar Amiga 500 na tashi da ita, faifan inci 3.5 mai cin KB 880 shi hannuna ya saba da shi. Commodore 64, wato C64, da injin faifanta 1541 kuwa sashen Malam ne a ƙungiyarmu ta masu son tsofaffin kwamfutoci. To ranar Malam ya makara, sai ga Baba da kwali cike da faifan inci 5.25, yana so a kwashe masa su a kwamfuta kafin su mutu. Ya zaro guda ɗaya daban, ya ce wannan tun 1986 yake ajiye da shi, kuma ba shi da kwafi. Da na ce a jira Malam da ba a yi haka ba. Amma na kwana biyu ina karance-karance a kan 1541, kai ya kumbura, sai na ji bakina yana cewa, "Baba, kawo nan. Wannan ai ƙaramin alhaki ne."

A rubuta mini wannan dai: farkon aikin ban yi abin kunya ba. Na kwance sukurori huɗun da ke ƙasan injin, na ɗaga murfi. Na nuna musu cewa kan karatun yana ƙasa yana kallon sama, wato bayan faifai 1541 take karantawa, ɓarin da babu lakabi. Na goge shi da auduga mai tsinke da sifirit isopropyl mai kashi 99, na bar ɗan matashin da ke danne faifai daga sama a bushe, don in ya jiƙe ya taurare kankarar faifai zai riƙa yi. Na ɗan shafa mai a sandunan da kan yake zamewa a kai. Na duba bel, na kifa injin a ƙarƙashin doguwar fitila har zanen da ke jikin ƙafar juyawa ya tsaya cak a ido, alamar yana juyi 300 a minti. Faifan Baba ma na juya shi a cikin rigarsa a hankali ina leƙa tagar, ko akwai farin tabon fumfuna. Tas yake. Sannan na cire C64 daga layi, na haɗa ZoomFloppy, 'yar na'urar da ke sada su, tsakanin laftof da injin, na buga cbmctrl status 8 don in ji lafiyar injin, 8 ɗin lambarsa ce, ya amsa da 73,CBM DOS V2.6 1541. Har na yi musu bayani cewa lamba 73 gaisuwa ce, kada wani ya tsorata, domin injin kwamfuta ce mai zaman kanta da ƙwaƙwalwar 6502 tata da RAM na KB 2. Baba yana ta gyaɗa kai. Mutum bakwai a tsaye a kaina. A nan ya kamata in yi shiru.

Sai idona ya sauka a kan wata 'yar sitika mai ruwan azurfa da aka naɗe a gefen faifan.

Ga yadda kaina ya yi lissafi. A faifan inci 3.5, in ka tura ɗan makullin nan har rami ya buɗe, ka kulle shi, ba a rubutu. A kaset ma haka, in ka karya ɗan kunnen ka bar rami, rikoda ba ta ɗauka. Shekara da shekaru hannuna ya san rami a buɗe yana nufin an tsira. Saboda haka na ɗaga faifan sama yadda kowa zai gani, na gyara murya, na ce, "Jama'a, ga darasi na farko. Duk faifan da ba shi da kwafi, kafin ya shiga inji sai an kulle shi. Kun ga wannan, an toshe masa rami, a buɗe yake ga kowane tsautsayi." Na sa farce. Sitikar nan ta shekara kusan arba'in a wurin, ba ta so ta fita. Ta yi gardama iyakar iyawarta, Allah ya sani. Na ce a miƙo mini reza. Na kankare ta a tsanake, na goge sauran gam da sifirit, na manna ta a bayan hannuna kamar lambar yabo, na ce, "Yanzu ko da gangan aka so a ɓata shi, ba zai yiwu ba."

A faifan inci 5.25 abin a juye yake. Tsagar gefen in tana buɗe, haske yana wucewa daga 'yar fitilar da ke cikin injin zuwa idon da ke fuskantarta, injin ya san an yarda ya yi rubutu. In an toshe ta da abin da haske ba ya ratsawa, to an kulle. Shi ya sa ma farin salatif mai garai-garai ba abin dogaro ba ne, baƙi ake sawa. Wato Baba ya kulle faifansa da kyau tun ina yaro, ni kuma na zo da reza na buɗe shi a gaban shaidu.

Bari in tsaya a kan Injiniya, ɗan ƙungiyarmu, don shi ne abin da ya fi ci mini rai. Yana tsaye a damana, kafaɗarsa na gogar tawa. Mutumin nan ya san faifan inci 5.25 kamar yunwar cikinsa. Ya ga na ɗauki reza. Abin da ya yi shi ne ya ja da baya taku biyu, ya zaro waya, ya fara ɗauka. Daga baya da na tsare shi wai ya zaci gwaji nake yi. Wane gwaji? Wannan fa shi ne mutumin da ya ari mitata ta gwada wuta tun bara, wai zai auna akwatin wutar C64 ɗinsa, irin baƙin nan da aka cika da gam mai tauri, wanda in ya tsufa volt 5 ɗinsa kan haura ya ƙone RAM. Aikin minti biyu ne, ka auna volt 5 na DC da volt 9 na AC, in na farkon ya fara wuce 5.2 ka jingine shi. Wata goma sha ɗaya ke nan. Kuma kullum shi ne mai cewa duk wahalar banza muke yi da tsofaffin ƙarafa, manhajar kwaikwayo ta wadatar, VICE, mai kwaikwayon C64 a laftof, ta fi C64 ta gaske biyayya. To in haka ne, me kake yi da mitata? VICE wuta take ci?

Kuskure ɗaya bai isa ya kashe faifai ba, sai an haɗa biyu, kuma ni na kawo duka biyun daga gida. Da daddare na buɗe VICE na ƙirƙiri hoton faifai fanko, wato fayil mai kwaikwayon faifai, na sa masa suna aiki.d64, don a zatona sai an tanadi mazubi kafin a zuba. Ashe d64copy, manhajar kwafe faifan, da kanta take ƙirƙirar fayil ɗin. Ƙa'idarta kuma ɗaya ce, inda za a ɗauko shi ne farko, inda za a kai shi ne na biyu. Karanta faifai shi ne d64copy 8 aiki.d64. Ni kuwa, ina magana ina waiwayen jama'a, na buga d64copy aiki.d64 8. Da babu fayil mai wannan suna da ta ce ba ta gan shi ba. Da sitika na nan da injin ya ce 26, WRITE PROTECT ON ya ƙi. Duk ƙofofin nan ni na buɗe su da hannuna. Ba ta tambaye ni ko na tabbata ba, ba halinta ba ne.

Jar fitila ta kama, taurari suka fara jeruwa a sikirin, zobe na 1, zobe na 2, wato da'irorin da ake rubutu a kansu a jikin faifai. Ni kuma na juya baya ina ba da lacca. Ina gaya musu faifan zobe 35 ne, na 1 zuwa na 17 kowanne gurbi 21, na ciki suna raguwa zuwa 19 da 18 da 17, jimla 683, kowane gurbi bayit 256, shi ya sa hoton D64 yake fitowa bayit 174,848 cif. Duk gaskiya ne fa. Ina faɗin adadin gurabun, injin yana bayana yana share su ɗaya bayan ɗaya.

Yaron Malam ne ya ja mini riga. Yaron da ko gemu bai fara ba. Ya ce, "Kawu, wai wanne ake fara rubutawa, inda za a ɗauko ko inda za a kai?"

Na ce, "Inda za a ɗauko mana."

Ya ce, "To."

"To" ɗin nan har yanzu ina jin ta cikin barci. Na waiwaya na karanta layin da na buga. Na sake karantawa. Na dubi bayan hannuna, ga sitika tana ƙyalli. Cikina ya ɗuri ruwa. Na danna Ctrl da C kamar zan fasa kibod, injin bai daina juyi ba, na kai hannu na murɗe marfin ƙofarsa. Taurarin sun cika zobe 9, sun shiga na 10. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai Injiniya yana gyara tsayuwa don ya samo fuskata da kyau. Baba ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Har an gama, ɗana? Kai, zamani." Gumi ya karyo mini har cikin takalmi.

A haka Malam ya shigo. Bai ce mini komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ya zare faifan, ya yanki baƙin salatif na 'yan wuta ya toshe tsagar, ya mayar, ya buga umarnin yadda ya kamata da sabon suna. Fayil ya fito bayit 175,531. Ƙarin 683 ɗin nan taswirar kurakurai ce, bayit ɗaya ga kowane gurbi, kuma ba ta fitowa sai an sami gurbin da ya ƙi karantuwa. Guda ɗaya ne, a zobe na 10, daidai inda na murɗe ƙofa ana tsakiyar rubutu. Ya ɗora hoton a VICE, ya buga LOAD"$",8 da LIST. Sunayen fayiloli suka fito reras, domin jerin sunayen a zobe na 18 yake zaune, ban kai can ba. A ƙasa an rubuta 412 BLOCKS FREE, wato sauran gurbi 412 ba a ci ba. Baba ya nuna wani suna da yatsa ya ce wannan ne. Malam ya loda shi, ya buga RUN.

?OUT OF DATA ERROR IN 120.

Nan fa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na durƙusa a gaban Baba, gwiwa biyu a ƙasa, na ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na cinye maka wutsiyar shirin nan. Gurbi 189 na share, ni ne, ba inji ba ne, ba kowa ba ne." Na yi ta zuba. Na yi alkawarin zan nemo mujallar da ya kwafo shi ko a ina take a duniya. Na ce zan bar ƙungiya. Na ce Amiga ɗina ma in yana so ya ɗauka. Duk wannan yana cikin wayar Injiniya, minti huɗu da wani abu, har da inda muryata ta sarƙe.

Malam dai bai ɗago ba, yana bin sarƙar fayil ɗin. A 1541 bayit biyun farko na kowane gurbi su ke nuna zobe da gurbin da ke biye, sauran 254 su ne kaya. Kuma injin ba daga zobe na 1 yake fara ajiya ba, daga kusa da na 18 yake farawa yana nisa ta ɓangarorin biyu, don kan karatun ya rage zirga-zirga. Gurbi 252 kacal aka ci cikin 664 ɗin da suka rage in an cire na zobe na 18, saboda haka kayan Baba duk sun taru a tsakiya. Mafi nisa ta ɓangaren da na taɓa ya tsaya a zobe na 12. Ni na tsaya a na 10. Abin da na share fili ne, sai dai in akwai tsofaffin fayilolin da aka taɓa gogewa suna kwance a can, waɗannan kam sun tafi har abada. Malam ya ce, "Sarƙa ba ta tsinke ba. Shirin cikakke ne."

Na ce, daga durƙushen, "To kuskuren fa?"

Baba ya ce, "Wannan? Ai tun 1986 haka yake cewa. Dalilin da ya sa na kawo shi ke nan, a duba mini."

Ya bar ni ina durƙushe minti huɗu. Wai ya ga ina magana da zuciya ɗaya, bai so ya katse ni ba.

Layi na 120 yana karanta lambobi 63 ne, daga 0 zuwa 62, na zanen ɗan hoton nan mai motsi da C64 take yi, faɗi ɗigo 24, tsawo 21, kowane jere bayit uku. Malam ya sa yaron ya ƙirga lambobin da ke layukan DATA, suka tashi 60. Jere ɗaya Baba ya tsallake ranar da yake kwafa daga mujalla. Aka ƙara sifili uku a ƙarshe, aka buga RUN, sai ga wani abu ya ratsa shuɗin sikirin daga hagu zuwa dama. Baba ya ce jirgi ne. Yaron ya ce ya fi kama da kaza. Ya wuce sau ɗaya, shirin ya ce READY, shi ke nan abin da yake yi.

Sauran faifan kwalin Malam ne ya kwashe, ni aka ba ni aikin yanka baƙin salatif. Na so in kare kaina da cewa a faifan inci 8 tsaga a buɗe ita ce kulle, wanda gaskiya ne, ku je ku duba, amma Malam ya tambaye ni ko na ga faifan inci 8 a ɗakin, na ce a'a.

Injiniya, na san kana karantawa. Ka goge bidiyon ko kada ka goge, ruwanka. Mitata dai, mai ruwan ɗorawa, wadda wayarta ja take da ɗauri a tsakiya, ka zo mini da ita ran Asabar. Da batir a ciki na ba ka.