Barista, ka ji tsoron Allah a kan harshenka

Assalamu alaikum. Nasihata yau ga 'yan uwanmu lauyoyi ce, masu ajiye rigar kotu su shiga siyasa a nan Kaduna, yau ciyaman na ƙaramar hukuma, gobe ɗan majalisa a Lugard Hall, mazaunin majalisar dokokin jiha. Ba laifi ba ne, muna ma bukatar masu sanin doka a kan waɗannan kujeru. Harshen ne nake jiye muku.

Ummu Salama (RA) ta ruwaito, a Bukhari da Muslim, cewa Annabi (SAW) ya gargaɗi masu kawo ƙara gabansa: wataƙila wani ya fi wani iya kafa hujja, sai a yanke masa hukunci bisa abin da aka ji, to duk wanda aka ba shi haƙƙin ɗan uwansa ta haka, yankin wuta aka yanka masa. A Suratun Nisa'i kuma, aya ta 105, Allah ya hana zama mai kare maha'inta.

Barista, a kotu akwai alƙali a samanka, akwai lauyan ɗaya ɓangaren da zai taka maka birki in ka karkace. A ofishin ciyaman babu ko ɗaya. Tsohon malamin firamaren nan da ke zaune bakin sakatariya tun sassafe, takardun fanshonsa ƙunshe cikin leda saboda ruwan damina, ba shi da kuɗin ɗaukar lauya. Kai ne lauyansa. In ya shigo ka rufe shi da Turanci, sashe kaza ƙaramin sashe kaza, har ya fita yana ba ka haƙuri, kada ka ɗauka ka yi nasara. Wallahi ɗage zaman aka yi, kuma ranar da za a dawo gaɓoɓinka ne shaidu.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wani ciyaman zai ce bai fahimci hukuncin ba. Kai ba ka da wannan uzuri.

Majalisa ta fi ba ni tsoro. Mutum 34 ne ke yi wa ƙananan hukumomi 23 doka, kuma a cikinsu kai ne ke gane inda aka bar ƙofa a ƙudiri don kuɗi su sulale. Lokacin da Abu Zarr (RA) ya nemi muƙami, Annabi (SAW) ya ce masa amana ce, kuma kunya ce da nadama ranar alƙiyama, sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya sauke abin da ke kansa. In ka hangi ƙofar nan, ka miƙe ka faɗa kafin Kakaki ya buga guduma, ko da 'yan jam'iyyarka za su daina gaishe ka. Allah ya ba ka ikon yi.