C111: Marsandin da masu kuɗi suka roƙa aka ƙi sayar musu

A 1969, wajen baje kolin motoci na Frankfurt a Jamus, kamfanin Mercedes-Benz ya fito da wata mota mai suna C111, ƙofofinta sama suke buɗewa kamar fikafikan tsuntsu, bodinta na faiba ne, fentinta ruwan lemo, tana nan ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Shekara na zagayowa a baje kolin Geneva suka kawo ta biyu, ƙarfin doki 350, tana taɓa kilomita 300 a awa. Attajirai suka rikice, har akwai waɗanda suka aika cek ba su rubuta adadi ba, wai kamfani ya cike da kansa kawai a ba su mota. Kamfanin ya ce ba ta sayarwa ba ce.

Har yau masoya mota na jin haushin wannan, ni kuma gaskiya ina ganin daidai suka yi, duk da in na kalli hotonta sai na ji wani abu a raina.

Matsalar a inji take. Injin Wankel ne, babu fistan a ciki, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku da yake juyawa, ga shi ƙarami ga ƙarfi ga laushin tafiya, amma fa yana shan mai kamar ba gobe, hayaƙinsa ya fi ƙarfin dokokin da Amurka ke ta tsaurarawa lokacin, sannan bakin kusurwoyin nan saurin cinyewa yake. Kuma ai sun ga abin da ya samu maƙwabtansu kamfanin motoci na NSU, waɗanda suka sa irin injin a motarsu Ro 80 a 1967, injina suka riƙa mutuwa da wuri kamfani na canjawa kyauta har aljihu ya huje, ƙarshe Volkswagen ta haɗe su da Audi. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ai ba sai an ce ya shafa wa nasa ruwa ba. Ana cikin haka rikicin man fetur na 1973 ya zo ya rufe maganar.

Masu cewa to da sai a sa mata V8, wato injin fistan mai silinda takwas, a sayar, suna da hujja, don kamfanin ma ya gwada hakan. Sai dai bodin faiba da aka yi don gwaji daban, motar da za ka miƙa wa mutum ya yi shekara ashirin da ita daban, kuma sunan Marsandi a kan ƙarko ya ginu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su jefar da ita ba. Sun cire Wankel suka sa injin dizal mai silinda biyar da turbo, suka kai ta filin gwaji na Nardò a Italiya a 1976 da 1978 ta yi ta karya tarihin gudu, a zamanin da kowa ke ganin dizal na tarakta ne da manyan motoci. A 1978 ɗin injin ya shiga Marsandi 300 SD aka fara sayarwa, kuma danginsa ne ke cikin tsofaffin 300D da kanikawanmu suka sani, waɗanda bodi ke ruɓewa inji na nan yana tashi.